Baƙin Man Baba da Jan Fentin Yaya

Malama Tsatsa ba sunanta ba ne, yara ne suka liƙa mata shi, kuma ta sani sarai, ba ta taɓa dukan kowa a kai ba, wani lokacin ma idan ta shigo aji ta ji an yi tsit sai ta ce to Tsatsar ta iso kowa ya fito da littafi. Jakarta ce ta jawo mata. Jakar sauran malamai idan ka leƙa alli ne da jan biro da ɗan turare, tata kuwa ƙusoshi ne da guntayen ƙarfe da kwalabe da gishiri a ƙulle cikin leda, tana tafe a baranda kana jin kacau kacau tun ba ta ɓullo ba. Kimiyya take koyarwa a ƙaramar sakandare, makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ko dai a ce akwai, an ma rubuta a ƙofar da fenti, amma karyayyun kujeru ne cike a ciki har rufi. Abin da take da shi kabad ɗaya ne a ƙuryar aji da taga mai ƙarafa sai baranda, da su take komai.

'Yar mai walda ce, ita ce auta a gidansu. Shagon Babanta yana bakin titi, rumfar kwano ce, injin walda a ƙurya yana gurnani, wayoyi birjik a ƙasa sai kana ɗaga ƙafa, ƙofofi da tagogi a jingine jikin bango suna jiran masu su. A nan ta girma. Tun tana 'yar mitsitsiya take tsince guntayen ƙarfe tana jerawa manya gefe ƙanana gefe, Baba yana daka mata tsawa kar ta kalli wutar, ita kuma tana kallo ta tsakanin yatsu, har yau akwai tabo a damtsenta inda tartsatsi ya faɗa mata. Ta so a koya mata walda Baba ya ce a'a, ke makaranta, Yayanki shago, haka kuwa aka yi. Ta yi karatu ta zama malama ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne yau yana gida gobe yana hanya, 'ya'yanta biyu, amma duk da haka idan an tashi daga makaranta ƙafarta shagon take fara kai ta kafin gida.

Magana ɗaya take nanata wa yara har sun haddace suna kwaikwayonta a bayan aji, wai abu ɗaya ake canzawa a gwaji, sauran duk su zama ɗaya. Sai ta ta da wani dogon yaro da ake ce wa Dogo ta ce da na kusa da shi, idan za ku yi tsere kai da Dogo, aka ɗora maka buhu a ka shi aka ba shi keke, ya riga ka isa, ka yarda ya fi ka gudu? Yaron ya ce wallahi ban yarda ba Malama. Ta ce to ƙarfe ma ba ya yarda, bakin magana ne kawai ba shi da shi.

To shi Baba wutar waldar nan da ya hana ta kallo ita ta ci masa ido a hankali a hankali, har ya zama ba ya ganin layin da zai bi, ya haɗa ƙofa a karkace sau ɗaya sau biyu, daga nan da kansa ya miƙa wa Yaya gilashin walda ya koma kan wata 'yar kujera a bakin rumfa. Aiki ɗaya ya rage masa. Duk ƙofar da Yaya ya gama sai a jingina ta gaban Baba, shi kuma ya ɗauko gwangwaninsa na baƙin mai, wanda makaniken da ke maƙwabtaka da su yake tsiyaye masa daga inji, ya tsoma tsumma ya shafe ta lungu lungu don kar ta yi tsatsa. Wannan ba ya buƙatar ido, hannu ke gani. Saboda aikin nan yake wanka da sassafe, ya sa hula, ya riƙo hannun jikarsa 'yar Yaya ya raka ta firamaren da ke cikin shinge ɗaya da makarantar Malama, sannan ya wuce shago. Idan ka cire tsumman nan daga hannunsa ba shi da abin da zai fita yi.

Sai ga wata mata mai shagon ɗinki ta zo ranar nan da faɗanta, wai ƙofar da aka yi mata damina ɗaya ta ci gindinta, ta yi ja ta fara ɓulewa, ga shi tun farko man ya ɓata wa mutane fararen kaya. Ba ita ce ta farko ba. Yaya ya ba ta haƙuri, washegari ya dawo da galan na jan fenti irin wanda ake fara sawa a ƙarfe, da ɗan injin feshi. Baba ya ji warin tun daga kujerarsa.

“Wannan na mene ne?”

“Baba gwadawa dai za mu yi, kowa shi yake sawa yanzu.”

“Tun kana yawo ba wando nake shafa mai, ƙofar gidanmu wa ya ga ta ɓule?”

Yaya ba ya musu da Baba, shi dai ya ajiye galan a ƙurya bai mayar ba bai kuma buɗe ba. Shago ya zama ba daɗi, uba da ɗa suna wuni ba mai ce wa wani kanzil sai miƙo wancan, ɗauke wannan. Yaya ya tare Malama a ƙofar gida ya ce Auta ki yi wa Baba magana, masu aiki suna guduwa, ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce masa ya daina ba. Ta ce to idan an koma fenti shi zai riƙa fesawa? Yaya ya ce da wane idon, da wane ƙirjin, kin san tarinsa. Su biyun kowa ya san abin da hakan yake nufi, ranar da aka buɗe galan ɗin nan ranar Baba ya koma zaman gida.

Ba ta ma kai ga yi masa maganar ba shi ya riga ta. Tana zaune kan wani tsohon bokiti a shago tana shan shayi ya ce, “Ke Auta, ba ke ce aka ce kina jiƙa ƙusa a kwalba kina koya wa 'ya'yan mutane ba? To ga aiki ya same ki. Ki gwada man nan da fentin Yayanki, wanda ya faɗi a zubar da shi.”

“Baba ka bari mana.”

“Tsoro kike ji wa Yayanki?”

Yaya yana can yana yanka ƙarfe ya kashe injin ya ce ya yarda. Mama da ta ji labari da yamma ta ce Auta kar ki shiga tsakanin uba da ɗa, ki ce kwalabenki sun fashe. Amma Baba ya riga ya faɗa wa makanike da mai shayi da duk wanda ya tsaya gaishe shi, wai 'yarsa za ta kunyata fenti a gaban yara.

Sai ta mayar da abin darasi. Ta sa Yaya ya yanko mata guntaye tara daga falle ɗaya, kowanne kamar tafin hannu, ya huda su a sama. A aji ta raba wa yara sanfefa iri ɗaya suka goge su har suna ƙyalli. Uku aka shafa musu baƙin mai, uku jan fenti, uku aka bar su tsirara. Ba ta gaya wa yaran man na waye ba fentin na waye ba. Akwai wata yarinya 'yar gaban aji da suke kira Me-ya-sa, don ba a gama magana ba ta jefo tambayar nan ba, ta ce Malama me ya sa aka bar wasu tsirara, ai mun san za su yi tsatsa. Malama ta ce idan ba ki ga wanda ba a yi wa komai ba, da me za ki gane man ya yi aiki ko zaman banza ya yi? Yarinyar ta ce to me ya sa uku uku? Dogo ya ce don idan ɗaya ya yi ƙarya biyu su ƙaryata shi, aji ya kwashe da dariya, Malama ta ce ku daina dariya amsar ke nan.

Aka ɗaura waya a baranda aka rataye su a jere, tsayi ɗaya, rana ɗaya ke dukansu iska ɗaya. Kullum da safe a yayyafa wa kowanne ruwan gishiri cikin murfin kwalba ɗaya, ba ƙari ba ragi. Awon kuma da yake babu sikeli mai kyau sai ta samo farar leda mai kauri ta zana mata gida gida da biro kamar gidan dara, a ɗora a kan ƙarfen a ƙirga gida nawa tsatsa ta ci. Ta juya bayan tsohuwar kalanda ta manna a bango ta ja layi biyu, na kwance sati sati, na tsaye gidajen da tsatsa ta ci, wannan shi ne giraf, duk ƙarshen sati a ɗiga ɗigo a haɗa da na baya. Shuɗin biro na tsirara, ja na fenti, baƙi na mai. Kafin ka ce me aji ya rabu biyu kamar 'yan ƙwallo, 'yan mai da 'yan fenti, har da masu yi wa juna gwalo.

Shuɗin layi tun satin farko ya kama hawa kamar mai hawa tsani. Ja ya kwanta a ƙasa abinsa. Baƙi ma ya kwanta, ya kwanta, sai a sati na uku ya ɗan ɗaga kai, gida kaɗan a gefe gefe. Malama ta ga haka ba ta so ba amma ta ɗiga ɗigon inda yake. Sati na huɗu da aka ɗora leda aka ƙirga sai ga baƙi ya sauko, ya dawo ƙasa har ya fi ja kwanciya, don shi jan an sami wani ɗan wuri a bakin huda da ya fara ci. 'Yan mai suka hau buga tebur. Ita kanta sai da ta juya ta fuskanci allo don kar a ga murmushin bakinta. Ta ɗauki hoton kalandar a waya ta tura wa Yaya, ya rubuto mata cewa to shi ke nan, zai mayar da galan, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ana cikin murnar Me-ya-sa ta ɗaga hannu. “Malama, tsatsa tana komawa ne?”

“Kamar yaya?”

“Layin ya hau kuma ya sauko. Wancan satin gida shida ta ci, yanzu ɗaya. Ina biyar ɗin suka tafi?”

Malama ta tsaya da alli a hannu. Ita ta koya musu da bakinta cewa ƙarfen da tsatsa ta ci ya ciwu, layin nan ko ya hau ko ya tsaya, ba shi da hanyar saukowa. Ta gani tun ɗazu, ba ta dai so ta gani ba ne kawai. Ta ce za mu duba, aka kaɗa ƙararrawa.

Da yara suka watse ta fita baranda ita kaɗai. Ta shafa guntun mai da yatsa, danye sharaf, mai sati huɗu a rana da ruwan gishiri ba zai yi wannan danshin ba. A ƙasa daidai ƙarƙashinsu ga ɗigo ɗigo baƙi a kan siminti. Maigadi yana zaune a bakin get yana jin rediyo ta ce Baba maigadi akwai mai taɓa ƙarafan nan? Ya ce babu wanda ya isa, ni da nake nan, yaro ko kusa bai zuwa. Sai tsohonku dai da yake gyara muku su. Ta ce gyara? Ya ce eh, idan ya kawo jikarsa sai ya biya ta nan ya fito da ɗan tsummansa ya goge na man tas ya ƙara musu, ai mutumin kirki ne, har ni ya shafa wa ƙyauren ɗakina.

Ta koma aji ta zauna a kujerar yara ta daɗe tana kallon kalandar. Babu wanda ya sani sai maigadi, shi kuma a ganinsa taimako aka yi. Yaya ya riga ya sallama. Me-ya-sa za a iya ce mata kuskuren ƙirga ne wancan satin, yarinya ce za ta yarda, ko ba ta yarda ba za ta yi shiru. Baba zai ci gaba da wanka da sassafe yana sa hula. Abin da za ta yi kawai shi ne kar ta yi komai. Sai dai gobe za ta shigo ajin nan ta ce abu ɗaya ake canzawa, yara su amsa mata baki ɗaya, kuma wata mai shagon za ta sake zuwa da ƙofarta a ɓule, Yaya ya sake tsayawa yana ba da haƙuri a kan abin da ya san maganinsa yana ƙurya cikin galan.

Ta sami Baba a kujerarsa yana shafa wata taga, Yaya ya fita sayo ƙarfe. Ta gaishe shi ta jawo bokitinta ta zauna.

“Baba kana biyawa ta barandarmu?”

“Kullum. Kin ga yadda suka yi kyau?”

“Ka ƙara musu mai.”

“To da fa? Ƙarfe ya bushe ina ji a hannuna in wuce shi? Har wani ja ja ya fara a gefe, na murje shi.” Ko a jikinsa, shi bai ga laifi ba. “Na Yayanki ban taɓa ba, ko da yatsa. Kar ya ce na yi masa wani abu.”

“Ai ita ce matsalar, Baba. Naka ana kula da shi kullum, nasa tun ranar farko ba wanda ya waiwaye shi.”

“To ya je ya kula da abinsa mana, wa ya riƙe shi?”

Ta rasa ta inda za ta ɓullo masa, maganar buhu da keke ta yara ce ba za ta yi wa Baba ita ba. Can ta ce, “Baba, ƙofar gidanmu ba ta taɓa ɓulewa ba, gaskiya ne. Wa yake shafa mata mai?”

“Ni mana.”

“Ta mai ɗinkin fa, tun da aka kai mata wa ya je ya shafa?”

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Mota ta wuce, mai shayi ya leƙo ya ɗauki kofinsa ya fita. Sannan ya ce, “Yanzu me kike so?” Ta ce a sake daga farko, kuma wannan karon ba mai taɓawa. Ya ce, “Ke da Yayanki dai bakinku ɗaya.” Ta ce wallahi Baba da son raina ne da na bar shi haka. Ya ci gaba da shafa tagar a wurin da ya riga ya shafa.

Washegari ta gaya wa aji abin da ya faru, ta ce wani dattijo ne ya ga ƙarfe ya bushe ya tausaya masa, ba ta ce Babanta ba ne amma yara ba wawaye ba ne, sun san wa ke yawo da tsumman mai, babu dai wanda ya furta. Ta ce me ya lalace a gwajin? Dogo ya ce an canza abu biyu, abin shafawa da kuma kulawa. Ta ce wa ya tona? Suka ce Me-ya-sa. Ta ce a'a, layin ne ya tona, ita dai ta tsaya ta saurare shi lokacin da mu muke buga tebur. Ba ta yage kalandar ba, ta bar ta a bango ta rubuta a ƙasa, layin da ya sauko, ta manna sabuwa kusa da ita. Yaya da ta gaya masa cewa ya yi Auta da kin bar shi, ni na riga na haƙura. Ta ce yanko min wasu tara.

Wannan karon a cikin aji aka rataye su jikin ƙarafan taga, ana tashi a kulle ƙofa, makulli a jakarta. Baba yana kawo jikarsa ya wuce ta gaban barandar ba ya ko juyowa. Shuɗi ya hau kamar da. Ja ya kwanta. Baƙi ya kwanta sati biyu, na uku ya ɗaga kai, na huɗu ya ƙara, daga nan ya miƙe ya bi bayan shuɗi, bai kamo shi ba amma hanyarsu ɗaya. Duk ɗigon da za a ɗiga sai ta miƙa wa wani yaro biron, ita ba ta iya yi da hannunta. Ta tsaya gaban kalandar ta yi darasin yadda ya kamata, ina layin ya fi tsayuwa, me tsayuwar take nufi, ina ya karya kwana. Yara suka ce man ya yi aiki da farko Malama, ya fi tsirara nesa, amma daga inda ya karya kwanar nan ya wanke ya bar ƙarfen. 'Yan fenti ko gwalo ba su yi ba, haka kawai ajin ya yi sanyi.

Ranar da babu makaranta ta naɗe kalandar ta kai gidan Baba da hantsi. Baba yana kan tabarma a tsakar gida, Mama tana tsince shinkafa, Yaya ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙi shigowa sosai. Ta shimfiɗa takardar, Baba ya kawo fuska kusa ya ce ba ya ganin komai sai fari. Sai ta kama yatsansa ta ɗora a farkon baƙin layi ta ja shi a hankali. Nan satin farko ne Baba, ka ji a kwance yake, babu tsatsa. Nan ma babu. Nan ya fara. Yatsan ya bi ya hau ya hau har ya kusa ƙarshen takarda. Ya ce na Yayanki fa? Ta mayar da yatsan ƙasa ta ja shi a miƙe, ba hawa. Ya ce sake kai ni inda nawa ya fara hawa. Ta kai shi. Ya bar yatsan a wurin.

“Duk ƙofofin da na yi wa mutane, daga nan suke farawa ke nan.”

Ya ɗaga kai wajen ƙofa ya ce, “Kai, ka buɗe galan ɗinka.” Yaya ya ce Baba kujerarka tana nan fa, ko ba ka shafa komai ba ka zo ka zauna, masu aiki kai suke tambaya. Baba ya ce shi ba gunki ba ne da za a ajiye a bakin shago, ya tashi ya shiga ɗaki.

Bai koma shago ba. Jikar ma uwarta ce ta koma raka ta. Mama ta daina yi wa Malama doguwar magana, idan ta zo gaisuwa sai ta ce yana ciki, ga shi nan kin samu abin da kike so, mutum ya wuni yana kallon rufi. Ta shiga ta gaishe shi ya amsa lafiya lau ya juya wa bango fuska. Shago kuwa aiki ya dawo, jajayen ƙofofi a jere har kan titi, Yaya ya rame duk da haka. A aji ta ci gaba da cewa abu ɗaya ake canzawa, yara suna amsawa, ita kuma wani lokacin sai ta ji maganar ta yi mata nauyi a baki. Mijinta da ya dawo daga hanya ta ba shi labari ya ce kin yi daidai, ta ce na sani, ba shi nake tambaya ba.

An kwana biyu a haka, wata safiya ta makara ta yanke ta wani layi da ba ta saba bi ba, sai ta hango mutum a tsugune gaban ƙofar wani kemis, da hula, da gwangwani a gefe. Mai kemis ɗin yana tsaye a kansa yana cewa Baba don Allah a ƙasa kawai, kar ka kai inda mutane ke jingina. Ta ƙarasa ta durƙusa ta gaishe shi.

“Auta ce? Ba ki tafi makaranta ba?”

“Yanzu zan wuce. Baba me kake yi a nan?”

“Tawa ce wannan, ni na haɗa ta tun Yayanki bai iya riƙe guduma ba. Taɓa gindin ki ji yadda ta ciwu.” Ta taɓa, garin tsatsa ya biyo yatsanta. Ya ce jiya ya yi uku, gida ɗaya sun kore shi wai ba sa son ƙazanta, wata mata kuma ta ɗauka bara ya zo. Yana faɗa yana shafawa. “Wurin nan da kika ɗora min yatsa, sati na nawa ne?”

“Na uku ya fara Baba. Amma mu ruwan gishiri muke zuba masa kullum, a ƙofar gida zai fi haka daɗewa.”

“Nawa zai kai?”

“Ban sani ba, ba mu gwada wannan ba.”

Ya yi 'yar dariya, ta farko da ta ji tun ranar kalandar. “Ke dai ba a samun ragi a wurinki.” Ya dafa ƙofar ya miƙe da ƙyar, ya ce ƙofofinsa sun yi yawa a garin nan ƙafarsa ba za ta kai ba, na kusa dai zai riƙa zagayawa, na nesa su yi haƙuri. Ta ɗaukar masa gwangwanin suka jera har bakin kwana, nan ya karɓe ya ce wuce 'ya'yan mutane suna jira.

Ba ta wuce nan take ba. Ta tsaya tana kallonsa yana bin layin a hankali, ya kai hannu ya shafa haɗin ƙofar farko ya wuce, ba tasa ba ce, ta biyu ma ya wuce, a ta uku ya ajiye gwangwanin ya gyara hula ya yi sallama.